Famfon da Ba Ya Ɗiga

Da sassafe saƙon kamfani ya faɗo wayata:
kantin kayan gini, titi na takwas, Saskatoon.
Dala goma sha huɗu, da kuɗin abin da ka saya
muddin bai haura dala shida ba.
Labarinka na yau: famfon kicin na ɗiga,
kuma kai ba ka san komai ba.

Ni, Orest Hrycak, ban san komai ba!
Shekara talatin da huɗu ina kwance rigingine
ƙarƙashin bututun mutanen garin nan,
na san kukan kowane famfo kamar tarin 'ya'yana.
Amma fansho gajeren bargo ne,
ka rufe kai, ƙafa ta fito.

Na kakkaɓe ƙanƙara daga takalmi a bakin ƙofa,
na cusa hannuwa cikin aljihu
don kada kantar tafina ta tona ni.
Ƙamshin sabon katako, warin fenti,
wata motar ɗaukar kaya tana ja da baya tana tsuwa.
A zuci nake ƙirga: ɗaya, biyu, uku.
Fom ya ce a gaishe ni kafin goma.

Sai da na kai arba'in da ɗaya.
Yana kan tsani, rungume da kwalin ƙusoshi,
yaro ne siriri, suna a ƙirji: Jomar.
Ya sauko yana haki, ya ce sannu, kawu.

Na ce famfo ne ke ɗiga.
Sai bakina ya zarce abin da aka rubuta mini:
"Matata ce ta dame ni. Ta ce yana hana ta barci."
Lesia, wadda hunturu uku ke nan
babu abin da ya hana ta barci.

Bai kai ni wurin sababbin famfo masu walƙiya ba,
waɗanda fom ke so ya fara nunawa.
Ya durƙusa a layi na goma sha bakwai,
ya zaro 'yar roba baƙa, ta dala ɗaya da 'yan kai,
ya zana mini yadda ake kwancewa a bayan wani tsohon rasit.
Ya sa kibiyar a baibai.
Harshena ya yi ƙaiƙayi, na danne shi da haƙori.
Can ya dubi zanen, ya yi dariya, ya soke, ya gyara da kansa.
"Ka fara rufe ruwan daga ƙasa, kawu.
Ni na manta sau ɗaya, uwata har yau tana ba da labari."

Bai yi mini tayin katin bashi na kanti ba.
Bai ce in ƙara da sifana ba.
Ya dai ce: "A gaida uwargida. Yau za ta yi barci."

A mota, injin na ɗumama, gilashi ya yi hazo,
na buɗe tambayoyi ashirin da shida.
Gaisuwa cikin daƙiƙa goma? A'a.
Tayin kati? A'a.
Ƙarin ciniki? A'a.
Ban taɓa sayar wa kowa ruɓaɓɓen bututu ba,
ba zan fara da fom ba.
Maki hamsin da biyu cikin ɗari.
Akwai ɗan gurbi a ƙasa, na ƙarin bayani,
harafi ɗari biyu kacal yake ci.
Na cika shi har ya ƙi karɓa.

A gida kicin tsit.
Famfona bai taɓa ɗiga ba, ni na ɗaura shi.
Na ajiye robar kusa da kofinta mai tsagaggen baki.
Mai ɗaki, an ce, shi ya san inda yake masa yoyo.

Wajen ƙarfe biyu na dare na tashi,
na ɗan sassauta kan famfon, kwata kawai,
na ja kujera na zauna a duhu,
ina sauraro.