Kati Mai Ruwan Zinare

Yaron bankin nan na PZ, Mu'azzam,
ya ɗora min shi a tafi kamar ƙwan zabo,
ya ce, Alhaji, wannan ba na kowa ba ne.
Ni da ban taɓa taka Makka ba,
amma ban gyara masa ba.

Dubu tamanin duk shekara, in ji shi,
sauran kuwa garaɓasa.
Duk abin da ka saya, maki na taruwa,
maki ya kumbura ya zama tikiti.
A filin jirgi akwai wani ɗaki mai sanyi,
shayinsa ba a tambayar nawa ne,
kujerunsa na haɗiye mutum har wuya.

Na ce zan kwana a kai.
Na naɗe takardar, na cusa ta aljihun goro.

Bayan isha'i, a bakin shagona na Tudun Wada,
na yage bayan kwalin zare,
na ari biron mai shayi.

Bara sau nawa na tashi sama?
Ɗaya.
Kaduna zuwa Ikko, ranar da shaddata ta maƙale a Apapa,
kuma a mota na dawo, gwiwa a haɓa.
Sauran tafiyata duk ta Kwangila ce,
Kano da asuba, gida kafin magariba.
Direban ba ya sanin maki,
ya san tsaba, ya san taransifa,
in sabis ya ɗauke ya san ya ce ka sauka.

Dubu tamanin.
Zangon karatun Barira ne har da takalmi.
Kwanon ɗakin baya ne,
wanda damina biyu ke nan muna tara masa roba.

Can ƙasan takardar,
da rubutu ƙanana kamar ƙwan kiyashi:
in wata ya mutu ba ka biya ba, bashin zai haihu.
Na san sunan wannan haihuwar.
Malam Ɗalhatu ya sha kiran sa a karatun safe,
ba ya kuma kiran sa da murmushi.

To amma bari in faɗi gaskiya.
Na ga kaina a ɗakin nan mai sanyi,
ƙafa ɗaya kan ɗaya, hula a karkace,
na ɗauki hoto na tura wa Sambo.
Shi Sambo sau huɗu yake leƙa Sin a shekara,
a wuyansa rigar ta zauna daidai.
Ni in na saka, sai na tattare hannu.

Lantana ta leƙo kafaɗata ta ga lissafi.
Ta ce, kai da kake rufe ido
in mota ta hau gadar Kwangila?
Ta tafi da dariyarta, ta bar min tuwo ya huce.

Da hantsi ƙananan jiragen makarantar tuƙi
suka taso ta wajen Palladan.
Na fito da almakashi a hannu ina kallo.
Suka zaga Hanwa, suka leƙa Samaru,
suka koma suka sauka inda suka tashi.
Mai ya ƙone, ƙara ta cika gari,
ba wanda ya je ko'ina.
Su dai ko banza koyo suke yi.

Na kira Mu'azzam.
Na ce, ɗana, banza ba ta kai zomo kasuwa,
a bar shi, ba bana ba.

Ya yi shiru, na ji yana taɓa madannai.
Ya ce, Alhaji, in don kai ne,
shekarar farko mun yafe.

Na ce zan kira ka.
Wata mata na jiran yadi biyar na ruwan toka,
na auna, na yanka, na ba ta canji.
Da ta fita na duba ƙarƙashin kanta
ko akwai sauran kwali
mai farin baya.