Kwali na Arba'in da Bakwai

Shekara goma sha ɗaya ina zaune ƙofar sito
a bayan babbar kasuwar Maradi,
littafi a cinya, jan alƙalami a kunne.
Abin da ya shigo in rubuta, abin da ya fita in soke.
Ban taɓa jin nauyin aikin ba;
nauyi yana wuyan 'yan dako.

Kamiyo ya kwana takwas a hanya daga Kwatano.
Nomau ya diro, idanunsa kamar garwashi,
yana ba ni labarin tayar da ta fashe masa bayan Doso.
Ni tambayata ɗaya ce:
kwali nawa?

Siminti na mai gini a Ali Ɗan Sofo,
alli na malaman lakwal,
takin masu aya a Cadawa,
zaren Habsu mai ɗinki, wadda ba ta biya sai ƙarshen wata,
gishirin lasa na jajayen awaki.
A wurina duk lamba ce,
lamba kuwa ba ta da fuska.

Sai wani daren Laraba, tsakiyar damina,
jikin autana Rabe ya yi zafi kamar kaskon suya.
Tsahiru mai kabu-kabu ya ratsa ruwa har gwiwa,
bai tsaya ciniki ba.
Muna shiga asibiti wuta ta ɗauke.
Wani ya tada inji a cikin duhu;
ban ga fuskarsa ba,
ban san wanda ya kawo man da ke ciki ba.

Malamar jinya ta jawo kwali daga ƙarƙashin tebur,
ta zaro ledar ƙarin ruwa.
A gefen kwalin, da jan tawada:
arba'in da bakwai.
Bakwai ɗin nan mai karyayyen wuya,
wanda aka sha dukana a kansa tun ina aji biyu.
Hannuna ne.

Na tuna ranar.
Na daka wa yaron da ya ɗauko shi tsawa
don ya tsaya gyara gammo,
ni kuwa tuwona yana hucewa.

Ɗigo.
Ɗigo.
Na zauna ina ƙirga, sana'ata ke nan,
amma wannan karon hannuwa nake ƙirgawa:
na wanda ya liƙe kwalin a garin da ban san sunansa ba,
na Nomau a kan sitiyari,
na mai facin taya a bakin daji,
na yaron nan da gammonsa.
Lissafin ya ƙi fita.
Kafin asuba Rabe ya nemi koko.

Yanzu ma ina ƙofar sito,
albashin bai ƙaru ba, Habsu ba ta biya ba.
Jiya Nomau ya diro.
Na miƙa masa moɗa,
na ce, ya hanya?
Ya tsaya yana kallona
kamar na ci bashinsa.