Aikin Gida, Mako na Tara

Dakta Ramlatu ta ce:
kowa ya zaɓi mutum ɗaya da ke ƙarƙashinsa,
ya auna shi da ma'auni biyar.
Shafi uku. A kawo ran Asabar.
Maki goma sha biyar.

Na sauka a tashar Jega bayan la'asar,
takardar a naɗe cikin aljihu,
ƙaiƙayin shinkafa ya tarye ni tun daga ƙofar injin.
Mutum goma sha ɗaya nake dubawa.
Na zaɓi Baba Ɗantani
don na ɗauka nasa zai fi sauƙi.

Na farko, kiyaye lokaci.
Ba shi da agogo.
Amma shekara ashirin da biyu ke nan,
kafin liman ya shafa addu'ar asuba
wuta ta kama a gindin tukunyar turare.
Biyar bisa biyar. Biro bai yi gardama ba.

Na biyu, sanin aiki.
Yakan duƙa a kan shanya, ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya ciza,
ya ce saura rabin yini.
Na'urar auna danshi da muka sayo daga Kano
ba ta taɓa ƙaryata haƙoransa ba,
su ɗin da suka rage.

Na uku, bin umarnin na gaba.
Nan na ajiye biro na sha ruwa.
Shi ya koya min ɗinkin bakin buhu ina ɗan sha huɗu.
Shi ya kwaɗa min mari
ranar da hannun rigata ya doshi bel,
shi ya sa yau nake da yatsun riƙe biron.
A gaban yara yana ce min Oga.
In mun rage mu biyu, Na'abu.
Fom ɗin bai bar gurbin wannan ba.

Na huɗu, abin da hannu ya fitar.
Bara, buhu arba'in a yini.
Bana, ashirin da shida.
Gwiwa ce, kowa ya sani.
Littafinmu yana da sunan abin a babi na shida,
har ya jera matakai kamar tsani:
gargaɗin baki, gargaɗin takarda,
sannan wanda ba na son karantawa.
Alhaji ma ya faɗa min watan jiya,
shi bai buƙaci babi ba.

Ina zaune kan sikeli, fitilar waya a baki,
sai inuwarsa ta rufe min shafi.
"Mi kaka rubutu, Na'abu?"
Na ce aikin makaranta.
Ya ce karanta mani.
Na karanta, na tsallake lambar.
Ya ce, "Ka yi tsallake.
Sa ashirin da shidda. Kak ka ƙara ko guda.
Ban koya maka algus ba."
Ya ja takalminsa ya tafi alwala.

Na biyar, shawarar mai dubawa.
Har ƙarfe ɗaya ina gogewa.
Sauro ya ci rabonsa, janareton maƙwabta ya mutu,
sannan na rubuta:
a sauke masa buhu, a bar masa shanya,
a ba shi yara uku su koyi cizon ƙwaya
tun haƙoran suna nan.
Albashi kada a taɓa.

Kwafi biyu na buga a shagon bakin kasuwa.
Ɗaya na kai Birnin Kebbi,
ɗaya na ajiye a teburin Alhaji, na danne da kofin shayi.

Na Dakta ya dawo bayan mako biyu.
Sha ɗaya bisa sha biyar,
da jan biro a gefe:
"Ina madogararka? Wane masani ne ya faɗi haka?"

Na Alhaji yana nan inda na bar shi.
Kofin ya yi masa zobe.

Yau da asuba na iske hayaƙi ya riga ni,
Baba Ɗantani a duƙe kan tabarmar shanya,
ɗan Ige mai shara tsugune a gefensa,
ya miƙa masa ƙwaya ɗaya.
Ba wanda ya sa hannu a takarda tukuna.