Mai Riƙe da Sikeli

A Kusiri, bakin gada,
ni ke riƙe da sikelin duwan.
Ran Laraba aka tsare wata mota,
buhunan albasa a sama,
kwalayen tiramol a ƙasa.

Na auna. Kilo ɗari uku da sha ɗaya.
Shugaba ya ce a jera su kan tabarma,
tambari ya kalli kyamara.
Jandarma biyu suka gyara hula.

Adadin ya hau takarda,
takarda ta tafi Yawunde,
daga can, an ce, sai wani birni mai sanyi
inda ake zuba lissafin duniya
gida-gida, kamar dara.

To a wane gida za su sa Nafi'u?
Ƙanena ne. Ƙwaya biyar da asuba
kafin ya tada babur.
Bai taɓa hawa sikelina ba,
amma ina ganin raguwarsa,
wando ya koma ɗaurin igiya.

Takardar na da gurbin nauyi,
gurbin kwanan wata,
gurbin ƙasar da kaya ya fito.
Na juya bayanta. Fari fat.

Da la'asar aka cinna wa kwalayen wuta.
Hayaƙi ya haye kogi ba fasfo.
Inna ta rufe tukunya, tana tari.