Gurbin Kwanan Wata

Ni ce mai riƙe da kwamfuta
a asibitin shan magani na Tudun Jukun.
Tebur ɗaya, fanka mai kukan tsufa,
da jadawali mai layi dubu huɗu da ɗoriya,
kowane layi ɗan wata ne.

Da hannuna na gina fom ɗin,
dare uku bayan isha'i ina bin makro
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Gurbin suna bai yi mini gardama ba,
na unguwa ya biyo ni salun-alun.
Gurbin kwanan wata kuwa,
ƙadangaren bakin tulu.

Lantana ta buga huɗu, ta buga sha ɗaya,
Nuwamba take nufi.
Na'ura ta haɗiye, ta juya a ciki,
ta amayo sha ɗaya ga Afrilu.
Ko tari ba ta yi ba.
Sha uku ga wata ne ya gagare ta juyawa,
tunda shekara ba ta da wata na sha uku,
sai ta jingine shi a hagun gurbi
kamar baƙon da aka hana tabarma.

A dare ɗaya wasu jarirai suka tsufa,
wasu kuma, in ji jadawali,
ba a ma haife su ba tukuna.

Muka aika Kande ta kawo ɗanta allurar ƙyanda.
Ta zo daga Gyallesu, ta biya kuɗin mota biyu,
ta kwance goyo:
ko wuyansa bai tsaya ba.
Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga.

Daren nan na datse gurbin.
Rana daban, shekara daban,
wata kuma da sunansa, zaɓa za ka yi.
Talatin ga Fabrairu? Koma.
Haihuwar jibi? Koma.
Abin da ya shiga ya shiga, ba gyara.
Na kwanta ina jin kaina kamar mai gadin Ƙofar Doka.

Kwana tara, sai ga Iya Tambai da jikarta.
Ta ce, "'Yata, uban ne ya zo rannan,
ranar suna ya ba ku.
Namiji ranar da ya yanka rago yake tunawa.
Ni na yanke cibi.
Daren Laraba ne, sha bakwai ga azumi,
wuta ta dawo ana tsakiyar naƙuda,
har yaran layi suka yi ihu."

Na danna gurbin. Toka-toka, shiru.
Ƙofar da na datse don kuskure
gaskiya ce ta fara zuwa ta ƙwanƙwasa.

To, na sake buɗewa, amma da sharaɗi.
Mai gyara ya gyara,
tsohon kwanan ba ya mutuwa:
yana komawa gefe ya zauna
da sunan wanda ya taɓa shi, da lokacin.
Kafin a adana, fom zai karanto da baki cike:
"Laraba, kaza ga watan kaza. Haka ne?"
Sannan na ƙara wani gurbi mai faɗi a ƙasa
wanda ba ya ƙin komai.
A nan na rubuta: daren da wuta ta dawo.

Da yamma, bayan an watse,
na jarraba fom ɗin da sunana.
Ɗaya ga Janairu, haka takarduna suka ce,
ni da rabin ajinmu na firamare,
kyautar hedimasta.
Amma Inna ta sha gaya mini
mangwaro ya nuna sa'ad da na zo,
har tana tsotsar ɗaya ciwon ya kama ta.

Gurbin a buɗe yake.
Ɗan sandan nan siriri yana ƙyafta mini ido,
yana jira.
Wadda za ta gaya mini ranar
shekararta shida a ƙasa.

Na bar Janairu inda yake.
Na sauka gurbi mai faɗi,
na rubuta: mangwaro.