Rishon Baffa Jibo

A ƙarƙashin gadon igiya na same shi
bayan sadakar arba'in,
tsatsa ta yi masa lalle har wuya.
Damina ashirin da bakwai yana bin Baffa
gonakin riɗi na bayan Gadarif,
naɗe cikin bargo a gefen tarakta.

Kwana biyu ina gurzarsa da samfefa
har zanen yatsuna ya shafe.
Akwai ragowar koren fentin ƙofar zaure.
Na ce, fenti ai fenti ne.
Na shafa, ya bushe, ya fito kamar ɗan sallah.

Ashana ɗaya ta tona asiri.
Kore ya yi bororo, ya fashe,
ya sulluɓe kamar saɓar maciji,
ƙauri ya kori kaji daga tsakar gida.
Inna Kulu ta toshe hanci da bakin mayafi:
"Ko kuɗin sabulu kwalliyar nan ba ta biya ba."

Layin maƙera, shagon Attayib.
Ya juya rishon, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina,
ya sauko da gwangwani biyu daga can sama.
"Wanda ake fesa wa salansar babbar mota.
Baƙi ko ruwan azurfa, ka zaɓa."
Na ce ni kore nake so, da kore na san shi.
Ya ce, "Kore na ganye ne, ɗan'uwa,
yaushe ganye ya kwana kusa da wuta?
Kada ka taɓa ƙofofin harshen wuta,
kada ka taɓa makunni,
tukunyar gas kuwa cire ta, ajiye nesa.
Fesa siriri, sau uku, a inuwa.
In ya bushe, ba shi wuta kaɗan-kaɗan,
yadda ake gaya wa tsoho labarin mutuwa."

Na ɗauki baƙi.

A gindinsa na ga abin da ban gani ba da farko:
jim, ba, wawu,
ƙusa ta karce su, hannun Baffa ne.
Na liƙa musu takarda kafin in fesa.

Yau da asuba wutar ta tashi shuɗiya,
ba hayaƙi, ba ƙorafi.
Na ɗora butar da hannunta waya ce.
Inna ta fito da kofi uku,
ta tsaya, ta duba,
ta mayar da ɗaya.