Rijiya da Guga

Sifikun nan biyu gadon Baba ne,
baƙin katako, nauyi kamar turmi.
Ya saye su da kuɗin sallamar kamfanin kuza,
Inna ta yi wata guda ba ta gaishe shi ba.
Yanzu suna falona a Rikkos,
ɗaya jikin taga, ɗaya jikin kwabet ɗin Lantana.

Sallau na Dilimi, mai gyaran rediyo,
wanda dalma ta cinye wa fatar yatsu,
shi ya zuga ni.
Ya ce, "Inuwa, rijiya ta bayar, guga ya hana.
Canza amfilifaya ka ji abin da ke kwance a ƙasa."

Wata bakwai ina zubin adashi.
Ranar ɗauka ban ko karya ba,
na dawo daga Taminus rungume da kwali
kamar mai dawowa da jariri daga asibiti.
Na ɗaura ja a ja, baƙi a baƙi,
na sa tsohon kaset ɗin gogen nan
da Baba ke ji bayan isha.

Na rantse na ji!
Na ji izga tana shafar tsirkiya,
na ji mai kalangu yana haɗiye yawu,
bangon falon ya ja da baya taku uku.
Davou maƙwabcina ya leƙo, ya gyaɗa kai,
ya ce abu mai tsada ba ya ƙarya.
Lantana ta ce ita dai
ba ta ji komai ba sai ƙarar kuɗin.

Sai Rumasa'u, 'yar aji biyu a jami'a,
ta rufe na'urorin da zanen uwarta,
ta daidaita ƙarfin murya, ta ce, "Baba, juya baya.
Faɗi, tsohuwa ce ko sabuwa."

Sau goma ta sauya waya.
Sau goma na amsa da ƙarfin gwiwa,
har ina cewa, wannan ai ko kurma ya sani.
Huɗu na ci.
Ta ce, "Ko kwabo aka jefa sama
yakan ci biyar."

Don kada a zalunci sabuwar:
da muka ƙure murya har gilashi na rawa,
tsohuwar ta shaƙe da babbar ganga ta faɗo,
ita kuwa ta ɗauke ta ba ko nishi.
To amma wa ke ƙure murya a gidan haya,
ga jinjirin Davou a bayan bango?

Can ta ce, "Kana jin siririn kukan nan
na cajar waya?"
Na kasa kunne.
Shiru.
Shekara ashirin da biyu a kasuwar Katako
zarto na yanka a gefen kaina,
ashe ba katako kaɗai ya yanka ba.
Gugan da ke yoyo
a jikina yake, guda biyu, hagu da dama.

Daren nan aka ɗauke wuta.
Ƙanƙara ta sauko kan kwano, sanyi ya shigo ta ƙasan ƙofa.
Na zauna tsakanin sifikun, bargo a kafaɗa,
sai na gane abin da nake tono a rijiyar:
gyaran muryar Baba tsakanin waƙa da waƙa,
cokalinsa yana zaga kofin shayi.
Wannan ba a naɗa a kaset ba.

Ban mayar da ita ba.
Fitilarta shuɗiya tana da kyau da dare,
kuma adashi ba ya komawa baya.

Jiya na bi ta Dilimi, na ba Sallau labari.
Bai ɗago daga rediyon da yake fiɗa ba.
Ya ce, "Huɗu cikin goma?
Ai wayoyinka ne, Inuwa.
Akwai wasu masu bakin zinariya,
ranar Laraba za su iso."

Na tambaye shi nawa.